Fitilar Maliki a Hannun Hajiya Safi

"...lahiya lau, tsohuwa. Har yanzu kina nan kina cinye ma jikoki hatsi?"

"Ina nan daram, mijin banza. Kai ne dai kullum ka shigo hannu sake, ka hita ciki cike."

Maliki ke nan da kakarsa Hajiya Safi, da hantsi, a tsakar gidanta na Tsibiri. Daga unguwar Zariya ta Maradi ya taso a kan babur, jakarsa goye a baya. Ma'aikacin allurar dabbobi ne, kuma bayan azahar motarsu za ta tashi arewa, inda za su sauka su bi makiyaya a ƙafa, kwana a daji, kowa da kayansa a bayansa. Abin da ya kawo shi fitilar goshinsa ce, 'yar ƙarama marar nauyi, wadda ya bar wa tsohuwar ajiya tun dawowarsa bara. Ita kuwa Hajiya Safi duk unguwa da abu ɗaya aka san ta: abin da aka ba ta ajiya ba ya ɓata, ba ya lalacewa. Tana ji da wannan suna fiye da haƙorin Makkan da ke bakinta.

"Ɗauko mini hitilata, sauri nike."

"Sauri? Kai da ranar haihuwarka sai da ungozoma ta yi barci ta tashi kahin ka ga damar hitowa?"

Ta shiga ɗaki ta fito da ita a naɗe cikin tsumma, ta miƙa masa tana hura hanci. Ya danna maɓalli, shiru. Ya sake dannawa ya riƙe. Fitilar ta yi ɗan ja-ja kamar garwashin da ya kwana, ta mutu.

"Hajiya, kin kashe ta."

"Rana ce ta hi ƙarhinta. Wa ka kunna hitila da hantsi in ba mahaukaci ba?"

Ya tura ta cikin rigarsa, ya leƙa ta wuya ya danna. "Nan ciki ma ranar ce?"

"To pil ɗinta ne ya ƙare. Kai ma da kake cin tuwon gida biyu kana ƙarewa."

"Ga sababbi na taho da su."

Ya zaro batura, wato pil ɗin, daga jaka, ya kama murfin fitilar zai buɗe, murfi ya ce bai san zancen ba. Sai da ya sa gindin cokali ya ɓanɓare shi. Ciki kuwa ba kyan gani. Tsofaffin baturan sun kumbura, wani farin gari mai kore-kore ya cinye ƙarafan duka.

"Wagga ba ƙarewa ba ce, ruɓewa ce. Ruwa ya shige ta."

"Ruwa? A ɗakina? Ɗakin da kakanka ya gina, ko damina sallama take ta wuce?"

Maliki ya kai fitilar hanci ya shinshina, ya juya igiyarta, ya ga wani jan tabo. "Mi ya sa hitilata ke ƙamshin goro?"

"Hancinka ne. Tun kana goye ba shi da saiti."

"Ina kinka aje ta?"

"Inda ka ce! Ba kai ka ce in sa ta inda ba mai taɓawa ba? A gidan ga akwai abin da ba a taɓawa in ba kwandon gorona ba?"

Gaskiyarta, ba a taɓawa. Wanda ya kai hannu kwandon nan ya san sauran. Sai dai goro ba ya zama sai da laima. A cikin jiƙaƙƙen tsumman buhu take lulluɓe shi, kowace safiya ta yayyafa masa ruwa don kada ya bushe. Wato tun bara tsohuwar nan take shayar da fitila.

Maliki ya zauna daɓas a kan turmi yana dariya har da hawaye. "Dashe kinka yi ke nan! Da na ƙara wata guda da na iske ta yi ganye."

"Da ta yi 'ya'ya ma ni ka tsinka, ba kai ba."

"Bari in leƙa waje in shaida ma matan unguwa. Duk mai 'yan kunne a wurinki ta zo ta kwashe kahin su tsira."

"Ka taka zauren nan, aurenmu ya mutu!"

"Auren da ko hura mai nono ba a dama mini?"

"Ka kawo nonon anka ƙi dama maka?"

Baki na ta ba da amsa, amma maganar ta taɓa ta. Ta ɗauki tsohon batir ɗaya tana jujjuya shi, fuskarta ta canza. Tun da take, ba wanda ya taɓa karɓar kayansa a hannunta ya ce wayyo, yau ga shi jikanta ne zai shiga daji da matacciyar fitila, kuma ita ce sila. Maliki ya lura, ya rage dariyar.

"Kawo lemun tsami, da aswakinki."

"Lemun lambun Jiratawa ne, na kununa. Aswakin kuma mi ya yi maka?"

"Ai ba haƙoran da za ki goge."

"Da ragowar nan na tauna naman sunanka, har ƙashi."

Ta kawo dai. Ya matsa lemun a bakin aswakin, ya shiga dirzar ƙarafan, garin yana kumfa yana fita. Ya share da gefen zanenta, ta kai masa duka ya goce. Wata 'yar waya mai lanƙwasa da ke tokare batir ta kwanta, ya karɓi allurar ɗinkinta ya ɗago ta a hankali. Sannan ya shanya fitilar a rana, buɗe, suka zauna jira.

"Tsakani da Allah, Hajiya, ga akwati, ga kwalla. Don mi sai cikin goro?"

Ta sassauta murya.

"Akwati sai salla-salla nike buɗe shi. Kwandon ga kuwa kullum sahe sai na buɗe. In na ɗaga tsumma na ganta, sai in tuna da kai, in ce Allah shi tsare min yaron ga da macizai da ƙahon shanu. Tsoron dajin nan naku nike, Maliki. Ban san ruwa na yi mata illa ba."

Maliki ya sunkuyar da kai, tausayinta ya kama shi. Ya tashi ya ɗauko fitilar, ta bushe har ta yi zafi. Ya jera sababbin batura, ya mayar da murfi, ya ɗaura ta a goshi, ya juyo ya danna. Haske ya dalle tsohuwar a ido, fari tas, duk da rana.

"Kai! Kau da ita, za ka makanta ni!" Ta kare fuska, sai kuma ta miƙe tsaye ta riƙe ƙugu. "To, ka gani? Wa ya ce ajiyata na lalacewa? Barci take, ka zo ka tashe ta da hayaniya!"

"Barci take."

"Lemun wa? Aswakin wa? Allurar wa?"

"Naki, Hajiya. Ke kinka gyara, ni kallo na yi."

"Jeka ka hwaɗa ma matan unguwar haka nan."

Ya saɓa jakarsa yana dariya, ya nufi zaure. Har ya kai bakin ƙofa ya dawo, ya cire hular da ke kansa ya ɗora mata a cinya.

"Wagga kuma ta mi ce? Wanki?"

"Ajiya ce. Hitila ta tahi, kwando ya zama ba kowa. Ki sa ta nan cikin goro, ki yi ta ba ta ruwa, ita ba ta mutuwa."

Hajiya Safi ta ɗaga hular ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Wagga ai goron za ta kashe min," in ji ta, tana cusa ta cikin zanenta.