Farfesa Ya Leƙa Ƙarƙashin Ruwa

"Ka ji wai ya sayi kyamarar da ke nutso?"

"Wa? Farfesa? To shi ya iya nutson ne?"

"Kai dai ka zo gobe da la'asar. A falonsa za a yi zaɓen."

Allah ya yi wa ƙungiyar masu fatsa ta unguwarmu baiwa da Farfesa. Babu jami'ar da ta ba shi wannan suna, shi ya ba kansa, don ya ga jami'o'in suna jan ƙafa. Sauran 'yan ƙungiya kifi kawai suke kamawa, abin tausayi. Shi kuwa fahimtar kifi yake yi. Shi ya sa jakarsa ke dawowa gida wayam: mai ilimi ba ya gaggawa.

Kujerar shugaban ƙungiya yake nema, abokin takararsa kuma wani tela ne mai yawan shiru. Don a huta da gardama, Farfesa ya ɗaura kyamara kusa da ƙugiyarsa, ya jefa a tafki, ta ɗauko abin da ke gudana a ƙasa. Bai tsaya kallon hoton ba kafin ya tara jama'a. Da uwargidansa ta ce ko zai fara dubawa, sai ya yi murmushi.

"Ni da na rubuta wa kifayen abin da za su yi?"

Falo ya cika. Aka ja labule, aka ture teburin tsakiya, wasu a kujera, wasu a hannun kujera. Farfesa ya tsaya gefen talabijin da sandar fatsa a hannu, yana nuni da ita.

"'Yan'uwa, karfasa ba ta ci da baki. Da tunani take ci. Wannan curin da kuke gani a ƙugiya, garin masara ne da zuma da tafarnuwa, da ɗigon turarena na zuwa taro. Ku lura."

Muka lura. Ruwa kore-kore, ga curin Farfesa a kwance bisa laka, ga tsabar masarar da ya watsa kewaye da shi. Karfasa ta farko ta iso. Ta tsince tsabar nan ɗaya bayan ɗaya, ta zo daidai curin, ta tsaya, ta ja da baya kamar wadda ta buɗe ƙofar da ba tata ba.

"Ladabi ke nan," in ji Farfesa. "Ta san ba sa'anta ba ne."

Ta biyu ta fi ƙarfin hali. Ta zuƙe curin, ta juya shi a baki, ta furzar. Ta sake zuƙa, ta sake furzarwa, har da girgiza kai.

"Ɗanɗano take yi. Za ta je ta ba da labari."

Da alama ta ba da labarin, domin waɗanda suka biyo baya ko kallon wurin ba su yi ba. Wata ƙatuwa ce kawai ta matso, ta goga haƙarƙarinta a jikin dalmar da aka ɗaura wa zaren don ya nutse, ta sosa inda ke mata ƙaiƙayi, ta wuce abinta. Wani a bayan falo ya kama tari. Tarin ya zaga ɗakin.

Farfesa ya buga sanda a ƙasa.

"Waɗannan yara ne! Ku jira Hajiya Babba. Shekara da shekaru muna fafatawa da ita a wannan lungu. Ta kama, in ja, ta ja, zare ya tsinke. Nauyinta ya fi na ɗan maraƙi. Ranar nan ma ta kama, yanzu za ku gan ta ido da ido."

A talabijin zare ya miƙe, curin ya fara jan ciki a laka, alamar Farfesa na naɗewa daga tudu. Sai ƙugiya ta cije. Kyamara ta yi tangal-tangal, laka ta tashi, ta lafa.

Ga Hajiya Babba nan, baƙa, mai faɗi, ba ta ko motsi. Tayar babbar mota ce, rabinta a laka. Jikinta kuwa ya sha ado: ƙugiyoyi reras, dalma na reto, guntayen zare na kaɗawa, kowanne da jan ƙullin da Farfesa ke yi wa kayansa don kada a sace masa fasaha. Wata 'yar karfasa ta fito daga cikin tayar, ta dubi kyamara, ta koma.

"Wannan..." in ji Farfesa. "Wannan gidanta ne."

Ba wanda ya musa. Aka ce a ɗaga hannu. Masu son tela suka ɗaga, har da masu ɗaga biyu. Masu son Farfesa: Farfesa, sai ƙanin matarsa, wanda daga baya ya rantse hularsa yake gyarawa.

Jama'a na neman takalma a bakin ƙofa, sai wani tsohon direba ya dawo, ya ƙura wa talabijin ido, ya dafa kafaɗar mai gida.

"Farfesa, don Allah in ka koma, ka daure ka jawo mini Hajiyar nan tudu. Na ga da sauran auki a jikinta."