Kurar da ke Ɗakin Inna

Jiya da hantsi na dawo daga layin mai, jarkata wayam kamar yadda na fita da ita, sai na tarar da Inna zaune a kan kifaffen bokiti a bakin ɗakinta, sandarta a jingine da bango. Ƙofar a kulle. An manna mata jar takarda mai hoton wata dabba da ta yashe haƙora. Na tambaye ta ko lafiya, ta ce ita dai ta fita shanya ne, da ta dawo ƙofa ta ƙi ta. Wai kura ce a ciki.

Bari in koma baya, don kada ku ce zafin layin mai ne ya taɓa ni.

Muna zaune ne a wani dogon gini mai hawa uku, irin wanda hukuma ke bayarwa haya. Ni ina can ƙololuwa, Inna tana ƙasa, saboda gwiwoyinta sun daɗe da yin sallama da matakala. Bara manyanmu, Allah ya ƙara musu girma da faɗin kujera, suka zo da motoci goma sha ɗaya suka sanar da mu cewa an zuba ginin namu gaba ɗaya a cikin kwamfuta. Kowane bulo, kowane bututu, kowace ƙusa, duk na'ura ta san da zamansu. Aka kuma ɗora wa ginin ƙirƙirarriyar basira, wadda za ta san bango zai tsage tun shi bangon bai yanke shawara ba. Aka cire mana kwaɗo aka sa makulli mai ƙyafta ido. Famfonmu ya shekara biyu bai ɗiga ba, amma a cikin kwamfuta na ga ruwa yana gudu a bututunmu, shuɗi shar, gwanin sha'awa.

To, watan jiya rufin simintin ɗakin Inna ya fara zubo da gari a kan gadonta, tana kwana tari. Na kai ƙara. Aka turo wani ma'aikaci mai tsabtar takalmi, ya leƙa daga bakin ƙofa, ya latsa wayarsa ya tafi. Abin da ya so ya rubuta shi ne akwai ƙura a ɗaki mai lamba huɗu, tana hana tsohuwa barci. Sai dai wayarsa ba ta da ƙ mai ƙugiya. Ya rubuta kura. Na'ura ta yi wata guda tana nazari, jiya ta kammala, ta kulle ɗakin don kare rayukan jama'a.

Ni a aji biyu na sakandare na tattara littattafaina na bar wa masu haƙuri. Tun daga nan na yi gyaran waya, na yi fenti, na yi tuƙin babur, babu inda na cika shekara. Amma ko ni na san ƙugiyar nan ba ado ba ce.

Maganin hawan jinin Inna yana cikin ɗakin, kuma da azahar take shan sa. Ɗakina kuwa matakala arba'in da biyu ne, ko goya ta na ce zan yi ba za ta yarda ba. Maƙwabcinmu tela ya fito da almakashi a hannu, ya kara kunne a ƙofar, ya ce shi fa kamar yana jin numfashi. Inna ta ce masa numfashinsa ne, ya rage cin albasa. Na ce zan ɓalle ƙofar, telan ya tuna mini cewa wanda ya taɓa makullin hukuma shi da gidan sai a mafarki. Na kama hanyar ofis a ƙafa.

A can na sami Mai Girma Mai Riƙon Linzami, wanda duk ginin ke juyawa a ƙarƙashin yatsansa. Ya nuna mini gidanmu a wani allo da ya fi ƙofar ɗakina faɗi. Ya juya shi, ya kifa shi, ya yaye masa rufi kamar murfin tukunya. Ga ɗakin Inna yana walƙiya ja, ga kura an zana ta kwance a kan gado, har da wutsiya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙura ce. Garin siminti. Ƙugiya ɗaya za ka sa a kan harafin nan, tsohuwa ta sha magani."

Ya dube ni da tausayi. Ya ce na'urar ta yi karatu a kan gine-gine miliyan, ni a kan nawa na yi? Ya ce abin da ya riga ya shiga ba ya gyaruwa sai da izinin kamfanin da ya ƙera ta, su kuma suna hayin teku, yanzu ma barci suke. Hanya ɗaya ce: a kawo hoton da ke nuna an kama kurar, sai ƙofa ta buɗe da kanta. Na ce yaya za a kama abin da ke bayan ƙofar da ba ta buɗuwa sai an kama shi? Ya ce wannan tambaya ce mai kyau, za a kafa mata kwamiti.

Da na matsa, sai ya ba ni dama in yi wa na'urar bayani da bakina. Muryarta daɗi kamar mai karanta labarai. Na ce mata ƙura, na maimaita, na matse maƙogwaro har ƙ ɗin ta kusa fito mini ta hanci. Ta ce ta fahimci ina cikin firgici, hakan ba abin kunya ba ne. Ta ba ni shawara kada in haɗa ido da dabbar, kada in juya mata baya, in kuma riƙa shan ruwa sosai. Ruwan da ke cikin allo, ina jin.

Kafin in koma gida har an riga ni. Motoci uku, ƙarti shida da raga, likitan dabbobi da akwatin allura, da mai ɗaukar hoto. Dole in yaba: shekara biyu muna kukan famfo ko keke ba a turo ba, amma dubi yadda hukuma ke tashi tsaye idan abu ya shafi namun daji. Suka jeru a gaban ƙofar suna jiran ta buɗe, ita ma tana jiran su. Ladan ya kira azahar. Na ga Inna ta dafe goshi, idanunta sun kaɗa, raha ta fita daga raina.

Ana cikin haka sai ga dattijon da ke sayar mana da ruwa ya turo amalankensa cike da jarkoki, irin amalanken nan da kowa a layinmu kura yake ce masa. Inna ta ɗaga sanda ta nuna shi, ta ce wa shugaban ƙartin, "Ɗan nan, ba kura kuke nema ba? Ga ta nan ta kawo kanta. Ku kama ta in shiga ɗakina."

Shugaban ya duba takardarsa, ya ce gaskiya ba a fayyace wace iri ba. Aka sauke jarkoki. Aka watsa wa amalanken raga, ƙarti shida suka danne shi, ɗaya har da ɗora ƙafa yana murmushi. Likita ya ce ƙa'ida ba ta yarda a ɗauki hoto ba sai an yi wa dabba allurar barci, ya soka wa taya, taya ta yi tsaki ta kwanta. Mai ruwa ya ce shekara ashirin yana tura ta, bai taɓa sanin tana cizo ba.

Aka aika hoton. Na'ura ta duba ƙamusunta, ta ga lallai ana ce wa wannan ma kura, ta gode wa jaruman ma'aikata. Makulli ya yi ƙyas, ƙofa ta buɗe. Inna ta shiga ba ta kalli kowa ba, ta haɗiyi ƙwayarta, ta kakkaɓe zanen gado, tarin gari ya tashi har shugaban ƙartin ya yi atishawa. Na ce masa ga ainihin wadda muka kawo ƙara. Ya ce a allo an rufe wannan magana, in ina da sabuwa in rubuto. Ni na tura amalanken mai ruwa zuwa wajen mai faci, yana biye da ni yana faɗa mini abin da yake tunani game da ilimin zamani.

Yau da safe na ji an ce za a karrama Mai Riƙon Linzami saboda ceto tsohuwa daga bakin dabba ba tare da an zubar da jini ba. Ya cancanta, Allah ya ƙara ɗaukaka. Ni dai tela nake tausaya wa. Ashe makon jiya ya kai ƙarar ƙwari sun addabe shi a ɗaki, kuma wannan ma'aikacin ne ya rubuta da wannan wayar. Ɗazu injiniyoyi suka zo auna kwarin da ke ɗakin nasa. An ce gada za a yi masa.