Rasuwar 'Yar Goyo, Jakar Kofur Kailani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma hanci wanda har yanzu bai rabu da ƙaurin roba ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Tudun Wada, Tudun Jukun da Gyallesu rasuwar 'Yar Goyo, koriyar jakar soja mai aljihu biyar. Ta cika ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a tsakar gidan mahaifina Malam Nagoda, bayan gajeriyar jinya. Jinyar ba ta kai tafasar ruwan shayi ba.

Ina kuma sanar da mai ita, Kofur Kailani, wanda ya bar mini ita amana. Ban taɓa faɗin sunansa da bakina ba, yanzun ma rubutawa na yi. Na san yana duba waya idan ya samu sabis. Allah ya sa ya karanta wannan kafin motarsu ta shigo Zariya, domin idan ya tsaya a gabana ba zan iya faɗa ba.

Marigayiya ba kayan gwamnati ba ce. Kofur ya same ta a Sabon Gari, wajen Ejike mai kayan gwanjo, tun yana sabon soja. Ta yi shekaru a bayansa. Ta kwana a daji, ruwan sama ya dake ta, ƙaya ta karce ta. Ta zama matashin kai, ta zama kujera, ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Na fara saninta ranar da ya fara zuwa hira zaurenmu bayan la'asar, yana goye da ita. Muka gaisa, gaisuwa ta ƙare. Shi yana kallon takalminsa, ni ina murza bakin hijabina. Shiru ya yi yawa har muna jin tunkiyar maƙwabta tana tuƙa. Marigayiya ce ta cece mu. Ya ja zif ɗinta, ta ce zuuut. Ya leƙa cikinta ya ce, "Kin san inda ake sa bargo?" Na girgiza kai. Daga ranar hira ta samu. Ƙawayena ana kawo musu turare da daɗin baki, ni kuwa ana koya mini shirya kayan daji, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba.

Marigayiya mai tsari ce. A wurinta na koyi cewa kafin a sa komai, sai an shimfiɗa babbar leda a cikinta, a zuba kaya a cikin ledar, a murɗe bakin, ko an faɗa rafi kaya ba za su jiƙe ba. Abin da ba za a nema ba sai an sauka, kamar bargo, shi ne a can ƙasa. Masu nauyi, irin gwangwanin abinci, a tsakiya, manne da bayan mai goyo, don kada jaka ta riƙa jan mutum baya kamar tana so ya koma gida. Abin gaggawa, wato rigar ruwa da ƙyallen ɗaure ciwo, a sama ko a aljihun waje. Tufafi ba a linke su kamar kayan lefe, naɗe su ake yi tamau kamar tabarma. Dama da hagu kuma su yi daidai a nauyi, in ba haka ba mutum ya yi ta tafiya a karkace kamar a-kori-kurar da aka yi wa lodi gefe ɗaya.

Mai riƙon amana ce. Kowane abu da ɗakinsa, kuma ba ya tashi. Tocila a aljihun dama, ashana cikin tsohuwar kwalbar magani a na hagu, allura da zare a ƙaramin aljihun murfi. Ya ce amfanin haka, ko ba a gani hannu ya san hanya. Wata rana ya runtse ido ya ce in kira duk abin da nake so. Na ce cokali, a hankali, har sai da ya ce in sake faɗa. Ya zaro shi nan take, ɗaure da igiya a jikin jakar, domin sojan da ya yar da cokalinsa sai ya jira wani ya ƙoshi. Ban da gaisuwa, wannan ce kalma ta farko da na taɓa faɗa masa. Cokali.

Mai kawaici ce, ba ta da surutu sai an taɓa ta. Idan an gama shiri, yakan goya ta, ya ɗaure maɗaurin ƙugu, ƙwas, domin ƙugu ne ke ɗaukar nauyi ba kafaɗa ba, sannan ya yi tsalle. In wani abu ya yi ƙara, a sauke a sake shiri. Kwanon abinci ana cusa masa tsumma don ya yi shiru. Gorar ruwa a cika ta fal, domin rabin gora tana tafe tana gulma. Ranar da ya nuna mini tsallen, Baba ya shigo daga masallaci ya tarar da baƙo yana tsalle a gaban 'yarsa. Kofur ya durƙusa zai gaishe shi da kaya a baya, marigayiya ta kusa kifar da shi. Baba ya amsa gaisuwa ya wuce. Sai da ya shiga cikin gida na ji yana tambayar Inna, "Yaron nan lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Maganar safa kaɗai ta ci mana hira da yawa. Busasshiyar safa tana ledarta ita kaɗai, ba a sa ta sai an sauka an huta. Da safe a mayar da ita leda, a sake sa ta jiya ko da ba ta gama bushewa ba. A kakkaɓe takalmi kafin a zura ƙafa saboda kunama. Zif idan ya fara gardama a goga masa kyandir. Game da ita marigayiyar kuwa, ya ce a share ta da burushi da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, kuma kada wuta ta kusance ta, domin roba ce ta yi kama da yadi. Wannan sai da ya maimaita. Na gyaɗa kai.

Da aka tashe su zuwa aiki can gabas, aka ba su sababbin kaya, sai ya kawo ta da dukan iyalanta ya ajiye a kan bencin zaure. Yana kallon takalminsa ya ce, "Ki riƙe mini. Ranar da zan zo karɓa, da Kawu zan zo." Duk wanda ya tashi a garin nan ya san ba a ɗauko kawu don ɗaukar jaka. Na rungume ta na shige gida, har na yi tuntuɓe da dokin ƙofa.

Ta zauna a ɗakina a rataye a ƙusa. Duk Juma'a nakan sauke ta, in fitar da kayan su sha iska a inuwa, in mayar da kowa ɗakinsa. Akwai lokutan da wayarsa takan daina shiga, sati ya bi sati, rediyo kuma yana faɗin abin da ba na son ji. A irin ranakun nan nakan ja zif ɗin a hankali, zuuut, in mayar, zuuut. Ba magana ba ce, amma da ita na saba jin muryarsa.

Ciwon ajali ya zo ne tare da labari mai daɗi. Aka ce an ba su hutu, yana nan tafe ƙarshen satin nan. Labari ya kai Gyallesu, wajen Gwaggo Maijidda, yayar Baba, wadda duk unguwarsu an san ko tsumman goge ƙafa sai ta sa masa sitaci. Ta zo ranar Litinin, ta shiga ɗakina, ta ga marigayiya a ƙusa. Ta kama haɓa. Ta ce, "Wannan za a mayar wa mutane haka? A je a ce gidan Nagoda ba a san wanki ba? Ba da raina ba."

Ta zazzage kayan a tabarma, ta dafa ruwa, ta jiƙa marigayiya da omo da kanwa, ta cuɗe ta, ta tsoma ta a sitaci, ta shanya a kan kwanon ɗaki a tsakiyar rana. Ina kallo. Na ce a raina, wannan za ta iya jurewa, ta ga abin da ya fi haka. Da yamma aka sauko da ita a sanƙare, tana tsayuwa da kanta kamar soja a fareti.

Ranar Talata da hantsi babu wuta, sai Gwaggo ta hura gawayi ta cika dutsen guga. Na matsa kusa na ce, "Gwaggo, an ce ba a goge ta."

Ta ɗago ta ce, "Wa ya ce?"

Inna tana bakin murhu, matan maƙwabta biyu suna tsince shinkafa, duk suka juyo suna jira. Jama'a, ku yi mini adalci. Ta yaya yarinya za ta buɗe baki a gaban gwaggonta da mahaifiyarta ta ce shi ne ya ce? Na ja hijabi na rufe fuska. Matan suka fashe da dariya, ɗaya ta ce, "Oho, an ce! Tun yanzu har an fara an ce!" Gwaggo ta ce, "Matsa ki ba ni wuri, kafin a haifi mai cewar nake guga."

Ta ɗora dutse a tsakiyar bayan marigayiya. Kalmarta ta ƙarshe ita ce tsss. Da aka ɗaga dutsen, ya taso da rabin bayan, ya bar taga mai siffarsa sak, har da tsinin hancin. Gwaggo ta duba, ta ce wataƙila wannan gefen ne ba shi da ƙwari. Ta juya ɗaya gefen don ta tabbatar. Ta tabbatar.

Abin da ƙaya da damina da gara suka kasa, tsabta ta yi shi a tsakar gidanmu.

An garzaya da ita wajen Malam Ɗantsoho mai gyaran takalma a bakin kasuwar Tudun Wada. Ya ɗaga ta sama, ya leƙo ni ta cikin ramin, ni ma na gan shi sarai. Ya juya ta, ya shinshina, ya ajiye a hankali ya ce, "'Yata, sai haƙuri. Inda zan kafa allura ma ya narke." Allah ya saka masa da alheri, ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Marigayiya ta rasu ta bar gorar ruwa, kwanon abinci, tocila, bargo, rigar ruwa, kwalbar ashana, allura da zare, da safa waɗanda har yanzu suna cikin ledarsu ba su san abin da ya faru ba. Ta bar cokali, wanda aka kwance shi daga jikinta da ƙyar, igiyarsa na reto. Zif ɗinta yana da rai. Malam Ɗantsoho ya farke mini shi, yana wurina, kuma ina roƙon magada su bar mini shi.

Iyali sun yafe wa Gwaggo, domin da kyakkyawar niyya ta yi, kuma ta kwana biyu ba ta taɓa dutsen guga ba. Ta ce a tambayi mai jakar ko yana da kakin da yake so a goge masa idan ya iso. Ina roƙonsa da girman Allah ya ce babu.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Salla babu, tun da jaka ce. Wanka kuwa an riga an yi mata, shi ne ma mafarin abin. An naɗe ta tamau kamar tabarma, an sa ta a leda, an murɗe bakin, za a ajiye ta a ƙasan adakar Inna, inda wuta ba za ta sake kusantar ta ba. Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar bayan la'asar a zauren Malam Nagoda, a kan bencin da aka sani.

Marayun kuma na tattara su a cikin jakar Gana-mas-go. Na shimfiɗa leda, bargo a ƙasa, masu nauyi a tsakiya, rigar ruwa a sama. Na rufe ƙofar ɗakina, na rungumi jakar, na yi tsalle. Ba abin da ya yi ƙara.

Na san abin da aka ce za a zo karɓa babu shi yanzu, kuma wannan ne ya hana ni cin abinci tun ranar Talata. Sai dai ina so mai kayan ya sani, sabuwar jakar ba ta goyuwa. Hannu biyu gare ta, kuma na gwada, ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Duk wanda zai zo ɗaukar ta, sai ya zo da wanda zai kama masa ɗaya hannun. An ce Kawu yana da ƙarfi.

Mai sanarwa,
Naja'atu Nagoda,
daga bayan labule, Tudun Wada, Zariya.