Ranar da Na Feshe Ƙwarin Surukina

Ko komi zan manta, ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaida mahaifin Hadiza ba. A lokacin ina sayar da maganin feshi a Gidan Igwai, kuma ni a ganina duk ƙwaron da Allah Ya halitta abokin gabana ne.

Hadiza ta ja min kunne cewa Baba, tsohon malamin gona, ba ya son mai rawar kai, kuma daga ganin farko yake yanke hukunci. Na isa gidansu a unguwar Gidan Dahala bayan la'asar, aka ce ya fita, in jira a lambunsa. Nan na hangi tumfafiya jere a gefen katanga, ƙwallayenta sun fashe, wasu ƙwari ja da baƙi sun yi dafifi a kai. Na ce alhamdulillahi, ga hanyar shiga zuciyar tsoho! Na ɗauko famfon feshi daga kan babur (ee, da shi na je gaisuwar surukai, kada ku tambaye ni dalili), na naɗe hannun sabuwar shaddata, na yi musu wanka tas.

Baba na shigowa na durƙusa, ina washe baki. "Baba, na raba ku da annoba."

Ya dubi ƙasa, ya dube ni. "Ɗan nan, mi sunka yi maka?"

Ashe tumfafiyar shi ya bar ta da gangan. Ƙwarin kuma su ke tsotse irinta kafin iska ta kwashe shi da audugarsa, shi ya sa ba ta mamaye masa kunyoyin albasa ba. Shekara biyu yana lallaɓa su. Wallahi na ji kamar in shige cikin famfon. Ga ƙannen Hadiza a bakin ƙofa suna ta ƙyaƙyata dariya.

Na ɗauka aure ya sha ruwa. Sai Baba ya miƙo min kwalba. "Ka maido min su da rai, sannan mu yi magana."

Asabar huɗu na yi ina bin tumfafiyar bayan gari, ina kama ƙwari ina lallashinsu. Da na kai kwalba ta ƙarshe ya ɗaga ta, ya duba, ya ce, "Turo magabatanka."

Yau 'ya'yanmu biyu da Hadiza. Amma ko kyankyaso na gani a gidan surukai, sai na tambayi na waye kafin in ɗaga takalmi.