Madubin Barmo da Gemun Hakimi

Wani mutum ne a fadar Hakimin Tsaunin Gwanki, ana ce masa Barmo. Kai, Allah ya yi wa bawan nan baki! In ka ce ka ga kura, shi ya taɓa hawanta.

Ana nan sai sarautar Majidaɗi ta faɗi, Barmo ya ƙwallafa rai a kanta. Lokacin kuwa manyan gari yayin madubi suke yi, kowa girmansa gwargwadon madubin zaurensa. Ran nan a fada Barmo ya gyara rawani ya ce, “Ranka ya daɗe, waɗannan ai na 'yan mata ne. Nawa daga Istanbul kakana ya zo da shi, bakinsa zinariya tsantsa, har da furanni.”

Hakimi ya shafa farin gemunsa, don ɗabi'arsa ke nan, ya ce, “Kawo shi gobe. In haka yake, Majidaɗi taka ce.”

Barmo kuwa ko guntun madubi ba shi da shi! Ya ruga shagon Ɗanliti mai aski, ya lallaɓe shi ya ari nasa, wai biki za a yi a gidansu. Ya kwaɓa yumɓu ya manna furanni a bakin madubin, da asuba ya malale su da fenti ruwan gwal.

Aka shigo da madubi yana ƙyalli wal-wal. Fadawa suka ɗauki “Tubarkalla!” Barmo sai hura hanci yake.

Hakimi ya taso, ya shafa furannin da hannu bibbiyu, sannan ya kai hannu gemu. Ya ɗaga ido ya kalli kansa. Gemu ya koma ruwan gwal!



Barmo ya zube ƙasa. “Ranka ya daɗe, zinariyar Istanbul ce, haka take naso in ta ga mai girma.”

Aka sa ruwa, aka sa sabulu, ina! Dole aka aika a kira mai aski. Ɗanliti na shigowa ya yi turus.

“A'a! Madubina! Barmo, wane ɗan iskan ne ya shafa masa fenti? Tun safe mutane ke cike a shago suna jira!”

Hakimi ya zauna, ya miƙa wa Ɗanliti gemun da ya shekara yana tattali, ya ce, “Barmo, tashi ka riƙe mini madubin kakanka. Ina son in ga abin da ka jawo mini, gashi bayan gashi.”