Ranar Da Na Ji Muryata

Ko tsufa ya cinye ni ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanwata Ladi ba, don a ranar na fara jin muryata.

Na daɗe cikin mawaƙan cocinmu a garin Lafiya, kuma a ganina ni ce gishirin miyar. Sauran mata raba makirufo suke yi, ni kuwa Baba Yohanna mai kula da na'ura kullum sai ya ware mini nawa. (Har tausayinsu nake ji, ina cewa ba a sayen baiwa a kasuwa.)

Ranar auren Baba Yohanna ya tafi jana'iza garin Awe, sai dangin ango, mutanen garin Obi, suka zo da nasu mai na'urar. Amarya ta kunno kai, muka ɗauki waƙa, na lumshe ido na sake murya. Sai na ji wata ƙara tana fitowa daga lasifika kamar ana jan tsohuwar ƙofar kwano. Raina ya ɓaci. Wace marar kunya ce za ta ɓata wa ƙanwata rana? Na yi shiru don in gano ta, ƙarar ta tsaya. Na ci gaba, ta dawo. Na sake yin shiru, ta sake tsayawa.

Na buɗe ido. Ladi ta tsaya cak a tsakiyar coci, uwar ango ta cusa fuska cikin gyale kafaɗunta na rawa, fasto kuwa ya duƙufa yana duba takalminsa.

Da aka tashi shugaban mawaƙa ya ja ni gefe. "Sista, kar ka ji haushi. Makirufo naka ɗin, tun farko Baba ba ya jona shi."

Na ruga wajen mahaifiyata ina huci, na tabbata za ta tayar da ƙura. "Mama, kin ji cin amanar da ake yi mini?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba, tana zuba wa baƙi shinkafa ta ce, "Ni na roƙe shi."

Ashe abin da ake kira ruɗin kai ke nan, gari duka ya san ka, kai kaɗai ne baƙo. Na koma cikin masu jera kujeru, kuma yanzu duk wanda ya yabe ni sai na fara tambayarsa ko Mama ce ta aiko shi.