Ban da Habila da Aladensa

Wani dattijon ikilisiya ne a ƙauyenmu, Baba Dogara. In ana maganar addu'a, to kowa ya ja gefe. Cewa yake shekara arba'in yana karanta Addu'ar Ubangiji bai taɓa tuntuɓe ba, ko daga barci ka tashe shi zai zubo ta tiryan-tiryan. Fastoci uku, in ji shi, a hannunsa suka gyara tasu. In mutum biyu suka ɓata kuwa, shi ne mai zaunar da su ya ce wanda bai yafe ba, addu'arsa ko rufin kwano ba ta wucewa.

Ashe akwai wata a ƙasa. Shekara uku da suka wuce aladen maƙwabcinsa Habila ya shiga gonarsa ya tone masa rogo tas. Habila ya ba da haƙuri gaban dattawa, Baba Dogara ya rungume shi har da ƙwalla. Amma tun daga ranar, duk aka zo layin gafara, sai ya sunkuyar da kai ya yi wani ɗan ƙari can ƙasa-ƙasa, tsakaninsa da Allah.

Ran nan coci ta sami sabuwar lasifika, aka ɗaure ta a kan mangwaro tana kallon kasuwa. Fasto Filibus ya tambaya wa zai buɗe ta da addu'a. Bai rufe baki ba Baba Dogara ya isa gaba. Ya gyara babbar riga, ya ƙwanƙwasa makirfo ƙwas-ƙwas, ya runtse ido, ya ja murya kamar mai shela.

Tafiya ta yi daɗi har ya kai: "Ka gafarta mana laifofinmu, kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi."

Sai sabo ya yi halinsa. Ya sunkuya daidai bakin makirfo ya raɗa: "Ban da Habila da aladensa."

Mangwaro ya amsa rangaɗau. Har mai tsire a kasuwa ya ji.

Can cikin coci wata 'yar ƙungiyar mawaƙa ta yi ƙit da dariya, ta cusa ɗankwali a baki. Baba Dogara ya buɗe ido ɗaya, ya ce injin nan jabu ne, ƙara magana yake. Matarsa Rifkatu ta ce daga benci ita kam shekara uku take jin wannan injin a gefen kunnenta.

Fasto ya danne dariya da ƙyar ya ce, "Baba, kai ka ce 'kamar yadda'. Roƙon Allah kake ya gafarta wa kowa ban da kai."

Sai Habila ya miƙe, hula a hannu.

"Fasto, ni ban damu ba. Aladen dai nake roƙar wa gafara, tunda ya riga mu gidan gaskiya. Kirsimetin bara muka yanka shi. Baba ma kwano biyu ya ci, ya tafi da kan a leda."